Wa Ya Ba Shi Lambarta?

A duk gidan da wani ya addabi 'yarsu da kiran waya da sintiri a ƙofar gida, tambayar farko da ake yi ita ce wa ya ba shi lambarta, kuma kusan kullum ita ake zuba wa ido lokacin da ake tambayar. Uwa ta ce da ba ta sake masa fuska ba da bai ga wurin zama ba. Yaya ya ce a karɓe wayar. Uba, in magana ta kai kunnensa, ya ce daga yau ta daina fita. Kafin la'asar an gama shari'a, an hukunta wadda ta kawo ƙara. Shi kuwa mutumin yana can bakin shagon mai caji yana jiran a idar da magariba ya dawo inda ya saba tsayawa.

A ganina mun ɗauki maganar nan a baibai. Mai bibiya ba ya duba, ba shi da rauhanai. Kusan duk abin da ya sani game da yarinyar da ya sa a gaba, wani ne ya faɗa masa, kuma galibi wanda ya faɗa ɗin bai san ya yi ɓarna ba. Da ɗan gari akan ci gari. Saboda haka duk shawarar kare kai da ta tsaya a kan yarinya ita kaɗai, ta bar mutanen da ke kewaye da ita, rabin shawara ce.

Fara da ƙawa. Saurayi ya tare ta a hanyar Islamiyya, ya marairaice, ya rantse da aure ya zo, ya ɗan tura mata kati. Ita a nata lissafin lada ta samu, ta haɗa sunna. Ƙanen yarinya ɗan shekara takwas kuwa, naira ɗari biyu da alawa sun isa ya zayyana wa baƙo ƙarfe nawa Anti take fita makaranta, wace rana Baba yake tafiya cin kasuwa, wane ɗaki ne nata a gidan. Mu muka koya wa yaran nan cewa in baƙo ya ce je ka ce ana sallama da wance, aikinsu su ruga da gudu. Ba mu taɓa zaunar da su mun koya musu cewa akwai tambayar da amsarta ita ce "bari in kira maka Yaya" ba.

Sai takardu, waɗanda ba wanda yake kallonsu a matsayin haɗari. Rajistar ƙofar ofis, ta asibiti, takardar halartar lacca da ke yawo hannu zuwa hannu a aji, littafin awo a shagon tela, littafin da wasu masu POS ke sa a rubuta suna da lambar waya. Duk wanda ya zo bayanki zai rubuta sunansa a ƙarƙashin naki, idonsa na kan layin da ke sama, wayarsa mai kyamara tana aljihu. Haka guruf ɗin WhatsApp na biki ko na tsofaffin ɗalibai: mutum ɗari biyu, kowa na ganin lambar kowa, kuma ba wanda ya tambaye ki kafin a jefa ki ciki. Akwai wurin da za ki saita cewa sai waɗanda kika yarda da su ne za su iya saka ki a guruf. Minti ɗaya ake yi a gyara shi.

Akwai kuma wata ƙofa sabuwa da mutane da yawa ba su lura da ita ba. Lambar asusun OPay ko PalmPay ta mafi yawan jama'a lambar wayarsu ce aka cire sifilin farko. Matar da ke sayar da turaren wuta ko atamfa ta intanet, in ta liƙa lambar asusunta a shafinta, ta raba wa duniya lambar wayarta ke nan. In aka juya kuma haka ne: wanda ya tsinci lambar waya kawai, ya saka ta kamar zai tura kuɗi, cikakken suna zai fito masa har da na mahaifi. A garuruwanmu kuwa sunan uba rabin kwatance ne, tambaya biyu a majalisa ta kai mutum ƙofar gida. Wasu ma in an toshe su a ko'ina sai su koma tura 'yan canji, su rubuta abin da suke son faɗa a gurbin bayanin kuɗin. Ba na cewa mata su bar sana'a. Ina cewa duk mai sana'a ta ware layi da asusu na kasuwa daban, kuma in za a karɓi kaya a karɓa a shago ko a hannun ɗan aike, ba a zauren gidansu ba.

Amma ƙofar da na fi jin tsoro ita ce kyautar waya. A yau da wuya a yi soyayya ta wata shida ba a kawo waya a kwali ba, gida kuma a yi ta sa albarka. Ba wanda yake tambayar wa ya kunna ta farko. Sau da yawa shi ne ya buɗe ta tun a shago, ya saka nasa adireshin Gmail, ya haɗo da layin da aka yi wa rajista da lambar NIN ɗinsa, ya miƙo a shirye don kada gimbiya ta sha wahala. Muddin ana ɗasawa ba wanda zai ga aibu. Ranar da aka ɓata, sai a tarar mutumin yana iya ganin inda wayar take daga nasa ɗakin, yana ganin hotunan da take ajiyewa a asusun, yana da sunayen duk waɗanda ta adana. Layin kuma a hukumance nasa ne: zai iya zuwa ofishin kamfani ya ce ya ɓata, a sabunta masa, daga nan duk lambobin sirrin da banki da WhatsApp ke turowa hannunsa za su faɗa. Ko wayar ba kyautarsa ba ce, aron minti ɗaya da sunan "bari in kira wani, katina ya ƙare" ya isa ya haɗa WhatsApp ɗinta da tasa na'urar, domin manhajar tana ba da damar haɗa na'urori har huɗu bayan ta asali. Yarinya ta yi ta mamakin yadda yake sanin abin da ta faɗa wa ƙawarta da tsakar dare, har a fara zargin asiri, a tafi neman rubutu.

Maganin wannan ba ya buƙatar boko mai zurfi. Waya in ta shigo gida kyauta, a goge ta gaba ɗaya a mayar da ita kamar sabuwa, mai ita ta buɗe nata asusun da kalmar sirrin da ita kaɗai ta sani. Layi ya zama da sunanta. Ta riƙa leƙa jerin na'urorin da ke haɗe da WhatsApp ɗinta, ta cire duk wadda ba ta gane ba, ta kunna lambar tsaro mai alƙaluma shida da ake tambaya kafin a ɗora asusun a wata wayar. In za a kai gyara, a cire layi da katin ajiya, a tsaya a gama a gabanta. Mafi yawan masu gyara mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu, amma ɗaya tak ya isa.

To me ya sa ƙawa da ƙane da mai shago suke taimaka masa da zuciya ɗaya? Domin mun taso ana gaya mana cewa ƙin mace ba ƙi ba ne, jan aji ne. Namijin da aka kora sau goma ya dawo na sha ɗaya, yaba masa ake yi, a ce wannan da gaske yake. Tsofaffi su ce irin wannan ake aure, wanda yake sonki ba wanda kike so ba. Finafinan Indiya da muka sha tun muna yara, da namu da suka bi sahunsu, sun maimaita mana darasi ɗaya har ya zauna: jarumi ya bi ta kasuwa, ya bi ta makaranta, ta zage shi, ta mare shi, kafin a tashi fim ta faɗo hannunsa. Abin har ya taɓa kaiwa gaban alƙali. A 2015 a ƙasar Ostareliya an gurfanar da wani Ba'indiye mai gadi bisa bibiyar mata biyu, lauyansa ya kafa hujja da cewa finafinan ƙasarsu ne suka koya masa cewa naci ke jawo so, kotu kuma ta sassauta masa bisa sharaɗin ya kama kansa. In wannan hujja za ta karɓu a wurinmu, da layin masu neman sassauci ya yi tsawo.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne addinin da muke tinƙaho da shi bai bar wannan magana a duhu ba. Labarin Barira yana cikin Sahihul Bukhari. Baiwa ce da Nana A'isha ta 'yanta, mijinta Mugis kuma bawa ne. Da ta samu 'yanci aka ba ta zaɓi, ta zaɓi rabuwa. Ibn Abbas ya ba da labarin yadda Mugis yake bin bayanta yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tausaya masa har ya ce mata da ma ta koma masa. Sai ta tambaya, umarni ne? Ya ce a'a, ceto kawai yake yi. Ta ce ba ta da buƙatarsa. Magana ta ƙare a nan. Ban kawo wannan don in haɗa sahabi da masu laɓe a lungunanmu ba, Allah Ya tsare. Na kawo shi ne don a ga cewa mafi girman mai sa baki da duniya ta taɓa gani ya sa baki, mace ta ce a'a, aka bar ta da a'arta. Yau kuwa kawu ko ƙanwar uba in suka sa baki, sai su ga ƙin bin maganarsu rashin tarbiyya ne.

A Suratun Nur, aya ta 28, an ce idan aka ce muku ku koma, to ku koma, shi ne mafi tsarki a gare ku. Hadisi ya iyakance neman izini sau uku, in ba a amsa ba mutum ya juya. A Hujurat, aya ta 12, an hana bin diddigin asirin mutane. Wanda ya kira waya sau arba'in a dare ɗaya, aka toshe shi ya sayo sabon layi, ya buɗe shafi da sunan mace don ya leƙa abin da take ɗorawa, ya taka waɗannan duka, ko da kuwa a sahun farko yake sallah. Ina jin wa'azi a kan shigar mata kusan kowane mako. Zan so in ji huɗuba guda a kan saurayin da aka ce masa ya koma ya ƙi.

Wani zai ce ana kambama abu ne, yawancin irin waɗannan samari in suka gaji za su bari. Gaskiya ne, yawancinsu za su bari. Matsalar ita ce ba a rubuta wa kowa a goshi ko yana cikin masu barin. A watan Satumba na 2022 wani ɗan ƙasar Sin mazaunin Kano ya shiga gidan su wata matashiya a unguwar Janbulo ya kashe ta da wuƙa, a watan Maris na 2024 kuma babbar kotun jihar ta yanke masa hukuncin kisa. Wanda ya bi muhawarar da aka yi a lokacin zai tuna yadda mutane da dama suka bar gawa a kwance suka koma lissafin kuɗin da aka ce ya kashe mata. A Birtaniya, masu bincike a Jami'ar Gloucestershire ƙarƙashin Jane Monckton Smith sun bi diddigin kisan mata 358 da maza suka aikata, a rahotonsu na 2017 suka ce sun samu alamun bibiya kafin kisan a kashi 94 cikin ɗari. Ƙasarsu daban, al'adarsu daban, amma kalaman da ke zuwa kafin a zare wuƙa iri ɗaya ne a ko'ina: in ban same ki ba, ba wanda zai same ki. Ranar da aka ji wannan magana, ko ya fara cewa zai kashe kansa, ko ya fara bayyana a wuraren da ba wanda ya gaya masa za ta je, ko ya tsallako cikin gida ba sallama, to an wuce batun soyayya, kuma bai kamata a kwana ba a sanar da hukuma ba.

Batun kuɗi yana buƙatar a tsaya a kansa, don shi ne igiyar da aka fi ɗaure yarinya da ita. "Bayan duk abin da na kashe miki" ita ce jimlar da ke sa gida ya yi shiru, kunya ta hana a kai ƙara. Ni ina tare da masu cewa a rage karɓar kayan samari tun farko, kuma iyayen da ke ganin leda na shigowa kullum su yi kamar ba su gani ba suna da nasu kason. Amma kyauta ba sadaki ba ce, sadakin ma ba kuɗin sayen mutum ba ne. In ya ce a biya shi, hanya a buɗe take: manya su zauna, a lissafa, a mayar masa da abin da za a iya a gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta a sa hannu. In bai gamsu ba kotu na nan, alƙalai sun saba jin irin wannan ƙara. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne ita ta kai masa kayan da kanta, ko ta fita "mu yi magana ta ƙarshe". Wannan haɗuwar ta ƙarshe ita ce mafi haɗari a duk lamarin, kuma kullum da lallami ake neman ta.

A faɗa masa a'a sau ɗaya, a fili, ba da habaici ba, ba da "sai na yi shawara" ba, zai fi kyau ta bakin babba namiji kuma a rubuce. Daga nan sai shiru. Shirun nan ya fi komai wuya, domin zagi ma amsa ce a wurinsa. Wanda ya kira sau talatin aka ɗauka a na talatin da ɗaya don a ce masa ya daina, abin da ya koya shi ne kira talatin da ɗaya ne farashin jin muryarta. Kada kuma a goge saƙonninsa, duk da zuciya na son a goge. A ɗauki hotonsu yadda lamba da kwanan wata za su fito, a tura wa wani amintacce ya ajiye, a sami ɗan littafi ana rubuta rana da lokaci da wurin da aka gan shi da wanda ya shaida. Kira ɗaya ba laifi ba ne, tsayuwa a bakin titi ba laifi ba ce. Sai an jera su a takarda mai sauraro yake ganin abin da ita take gani. Saboda wannan ne ma nake ganin sauya layi gaba ɗaya ba kullum yake zama dabara ba. Gara a sayi sabo don na jiki, a bar tsohon a kunne a hannun yayanta yana tara hujja, shi kuma mutumin bai san an bar shi da bango ba balle ya tashi neman wata hanyar.

Doka fa? Akwai ta, a takarda. Dokar haramta cin zarafin mutane ta 2015, wadda aka fi sani da VAPP, ta ambaci bibiya ƙarara a sashe na 17: ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyun. Ta bayyana shi da yawan laɓewa ko zarya kusa da inda mutum yake zaune ko aiki ko karatu, da bin sa ta yadda zai tsorata. Ta kuma ba kotu ikon ba da umarnin kariya da zai hana mutum kusantar wanda yake tsangwama. Sai dai dokar tarayya ce da ke aiki kai tsaye a Abuja, kowace jiha sai ta yi tata, kamar yadda Kaduna ta yi a 2018. Ko a inda ba a yi ba, barazana da kutse cikin gida laifuka ne tun a tsohon kundin Penal Code. Ba rashin doka ne ya fi damunmu ba. Abin da ya fi damunmu shi ne amsar da ake samu a ofishin 'yan sanda: "Ya taɓa ki? To ku je ku sasanta." Wato sai an zo da jini za a buɗe fayil.

Dokar laifukan intanet ta 2015 ma tana da sashe na 24 a kan tsangwama ta intanet. Wannan sashe ya yi suna, amma ba wajen kare 'yan mata ba. Ya yi suna ne wajen kama 'yan jarida da masu sukar manya, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024. Ƙasar da za ta iya gano wanda ya zagi mai mulki a Facebook ta ɗauko shi daga wata jiha cikin 'yan kwanaki, ba za ta ce mini ba ta da na'urar gano wanda ya yi wata uku yana yi wa ɗaliba barazana da layi biyar ba.

Duk da haka a kai ƙara, kuma a kai da wuri. A tafi da babba, a tafi da littafin nan da hotunan saƙonni, a nemi a rubuta. In ofishin farko ya yi wasa da magana a wuce na gaba, ko a nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Mai unguwa da Hisbah, a inda take, suna da amfani, don sau da yawa kiran uban yaro gaban dattawa ya fi sammaci saurin aiki. Sharaɗi ɗaya nake roƙo a kiyaye: kada zaman ya rikiɗe ya koma sulhu. Mun ƙware wajen sasanta mutane, abin alfahari ne, amma a nan ba rigima ce tsakanin mutum biyu ba, mutum ɗaya ne ya ƙi barin ɗaya. In aka zaunar da su a tabarma ɗaya aka ce kowa ya yi haƙuri, an ba shi abin da ya yi wata da watanni yana nema, wato ya gan ta, ta kuma saurare shi dole.

Hukuma tana da wani bashin a kanta. A 1989 wani mutum ya harbe 'yar wasan Amurka Rebecca Schaeffer a ƙofar gidanta, adireshin kuma daga bayanan ofishin lasisin tuƙi na jihar Kalifoniya aka samo masa. Bayan wannan ne jihar ta yi dokar hana bibiya ta farko a ƙasar a 1990, majalisar tarayyarsu kuma ta taƙaita fitar da bayanan direbobi a 1994. Mu a nan an tilasta mana haɗa layi da NIN, mun ba da hoto da adireshi da zanen yatsa, an kuma yi dokar kare bayanai a 2023. Amma a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta fito ta ce ta gano shafukan intanet da ke sayar da bayanan 'yan Najeriya a kan kuɗin da ya fara daga naira 100 kacal. Duk taka-tsantsan ɗin yarinya ba zai toshe wannan ɓaraka ba, aikin waɗanda suka karɓi bayanan ne.

Na san akwai mai jira in zo kan TikTok. To ga shi: e, abin da ake ɗorawa yana tona asiri fiye da yadda ake zato. Launin ƙofar gida, allon shagon maƙwabci, bajen makaranta a jikin hijabi, lambar mota, hasumiyar masallacin unguwa a bayan hoto. A Japan a 2019 wani ya gano tashar jirgin ƙasa da wata mawaƙiya take sauka ta hanyar ƙara girman hotonta ya duba abin da ya haska a ƙwayar idonta, ya je ya jira ta, ya bi ta har gida ya kai mata hari. Don haka a ɗora hoton wuri bayan an bar wurin, a taƙaita masu ganin sitatus, a daina sanar da duniya "gobe sai Kaduna". Iyakar abin da zan ce ke nan, domin wannan ɓangaren ba ya rasa masu wa'azi. Kuma yarinyar da ba ta taɓa riƙe babbar waya ba, mai tallan awara da 'yar aikin gida, su ma ana bin su, su ne ma ba su da wanda zai saurare su.

Shi ya sa ƙwace waya da kulle ba sa burge ni. Wadda ta ga yayarta ta faɗa an cire ta daga makaranta, ita ba za ta faɗa ba. Za ta yi ta fama ita kaɗai, tana lallaɓa shi, tana amsa kiransa don kada ya zo gida ya tona, shi kuma ya gane tsoron gidansu ya fi tsoronsa ƙarfi, ya mayar da shi makami: in ba ki fito ba zan tura wa Babanki hotunan. Gidan da 'ya za ta iya cewa "Baba, na yi kuskure na ba wani hotona, yanzu yana yi mini barazana" ta kwana lafiya, ya karya wannan makami tun kafin a ɗaga shi. Faɗa yana iya jira zuwa wani makon.

Zawarawa sun fi kowa shan wannan azaba, kuma su aka fi yi wa shiru. Tsohon miji ya san danginta, ya san ƙawayenta, wataƙila shi ya buɗe mata asusun banki, ga 'ya'ya a tsakani da zai riƙa tatsar labari a bakinsu duk ranar da suka je masa. Jama'a kuma su ce ai uban 'ya'yanta ne, kishi ne. Alƙur'ani ya ce riƙo da alheri ko saki da kyautatawa. Idda in ta cika, matsayinsa ɗaya da kowane namiji a titi, ba shi da hurumin tambayar wa ya zo zance. Kai yara da ɗauko su ya bi ta hannun wani a dangi. Maza ma ana bin su, kada a manta, kuma namijin da mace ta addaba ya fi jin kunyar faɗa don dariya za a yi masa a majalisa. Hanyar kariya ɗaya ce.

Ga 'yan'uwa maza masu zafin zuciya: dukan tsiya a lungu ba ya kawo ƙarshen magana. Yana mayar da mai laifi mai ƙara, ya kai ku caji ofis, ya kuma ƙara masa dalilin ɗaukar fansa a kan wadda ba ta da ƙarfin ramawa. Ƙarfin nan a kashe shi wajen rakiya, a sauya mata hanya da lokacin fita, a nuna hoton mutumin ga mai gadin makaranta da mai shagon ƙofar gida da ɗan adaidaitan da ya saba ɗaukarta, a gaya musu ƙarara cewa ba a ba wannan labarin komai. Abokan shi mai bibiyar kuwa, waɗanda suke ara masa layi, suke raka shi laɓe, suke ce masa kada ka karaya mutumina, sun fi kowa damar tsayar da shi, don su kaɗai yake saurara.

Lokacin da ya fi buƙatar a buɗe ido shi ne ranar da aka sa mata rana da wani. A nan ne wanda yake rayuwa a kan "wata rana za ta sauko" yake gane ba za ta sauko ba. A daidai wannan lokaci ne kuma muke buga kati mai ɗauke da sunan wurin kamu da na dina da ƙarfe nawa za a fara, mu watsa a sitatus, ƙawayen amarya su ɗauki bidiyon gidan da za a kai ta tun daga bakin titi har kicin. In an san akwai wanda ya taɓa yin barazana, katin da zai shiga intanet ya tsaya a kan ɗaurin aure, sauran wuraren a faɗa wa waɗanda aka gayyata baki da baki. A sa mutum biyu da suka san fuskarsa a ƙofa, kada a bar amarya ta je wurin lalle ko gyaran kai ita da ƙawa ɗaya, masu kai amarya kuma a roƙe su su bar wayoyinsu a jaka har a shiga gida.